Gashin Bakin Kalli-Nan da Agwagin Tafki

A layin masu shaguna babu wanda yake tuna ainihin sunan mai hoto. Kalli-Nan kowa ke ce masa, har mai kawo takardar wuta. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗaukar hoton fasfo a ɗan shagonsa mai farin labule, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa danna kyamara ba sai ya gyara wa mutum wuyan riga, ya ɗaga masa haɓa da ɗan yatsa, ya ja da baya taku uku, sannan ya daka tsawa: "Kalli nan! Ɗaya, biyu..." Ba a taɓa jin ukun ba, ƙarar kyamara ce ke cike gurbinta.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, aikinsa da gashin bakinsa. Gashin bakin kuwa ya isa a yi taƙama da shi: baƙi wuluk, mai kauri, gefe da gefe ya murɗe sama kamar ƙahon rago. Yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba, yana da kwalbar mansa da ba a yarda kowa ya taɓa ba. A allon shago ma da aka zana shi, gashin bakin ya fi kyamarar girma. Da shi matarsa ta aure shi, shekara ashirin da takwas ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba.

Mutum ɗaya ne gashin bakin nan ya tsone wa ido, wato mai aski, ƙanin matar tasa, wanda shago uku ne tsakaninsu. Duk sanda Kalli-Nan ya zauna a kujerarsa, sai ya bi da injin aski ta gefen hanci kamar bai sani ba, har sai mai hoto ya zabura ya dafe baki. Mai aski ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ba shi da wani buri da ya wuce ya ga abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin dajin nan.

Kalanda ce ta jawo komai. Wata ranar Asabar mai aski ya rataye sabuwa a jikin bango, da hoton agwagwar daji tana iyo, an ɗauke ta daga ƙasa-ƙasa daidai fuskar ruwa, har ka ce kai ma a cikin ruwan kake kana kallon ƙwayar idonta. Masu zaman benci suka yi ta yaba hoton. Mai faci ya ce wanda ya ɗauki wannan shi ne mai hoto, sauran duk masu danna maɓalli ne.

Kalli-Nan yana kan kujera da ƙyalle a wuya. Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya karkata kai ya dubi kalandar a wulaƙance, ya ce shi bai ga abin yabo ba: agwagwa ta karkace, ba a gyara mata wuya ba, bayanta duk ciyawa, ko farin labule ba a sa ba. Da a shagonsa aka kawo wannan da ya yaga. Ya ce shi da ya ɗauki jarirai masu tsala ihu da tsofaffi masu gyangyaɗi, tsuntsu ne zai gagare shi? Ga tafki nan bayan gari cike da su.

"To yallaɓai, a kawo mana naka mu rataye," in ji mai aski.

"Nan da Asabar mai zuwa. Ido da ido, daidai fuskar ruwa, wanda ya fi wannan."

"In ba a kawo ba fa?"

A nan ne ya kamata ya yi shiru, amma Kalli-Nan bai taɓa sanin inda ake ajiye shiru ba. Ya murza gashin bakinsa ya ce, "In ban kawo ba, ka aske wannan."

Injin aski ya tsaya cak. Mai aski ya juya ya ƙirga mutanen benci ɗaya bayan ɗaya, mutum bakwai, ya ce kowa ya zama shaida. Kafin la'asar labari ya zaga layin tun daga mai sayar da katifa har mai gyaran agogo.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari yana dariya, ita ba ta yi dariyar ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa bakin tafkin nan. Ya ce bai taɓa ba, amma ai ruwa ruwa ne, agwagwa kuma agwagwa ce.

Ranar Litinin da rana tsaka ya rufe shago ya tafi, ya ɗora wa babur kyamara da ƙafarta mai rassa uku da fitilar hoto da farin labule a naɗe. Agwagin suna nan kuwa, sun fi ashirin, suna shawagi kusa da ciyawar bakin ruwa. Ya kafa sanduna biyu a cikin laka ya ɗaura labulen, ya tsaya yana jiran su zo su jera a gabansa. Suka ƙi. Ya yi musu tafi, ya yi musu fito, ya nuna musu wurin da hannu. Da ya ga wata ta ɗan matso sai ya saita ta, ya ja da baya taku uku, ya daka tsawarsa. Kafin ya kai biyu tafkin ya zama wayam. Abin da ya samu a kyamara ruwa ne da da'irori, sai gashin tsuntsu guda ɗaya yana lilo.

Bai ɓoye hoton ba, don shi a ganinsa ci gaba ne. Ya kai shagon aski ya nuna, ya ce a dubi yadda ruwan ya fito tas. Mai aski ya yaba ruwan ƙwarai, ya ce kalandar ma ba ta kai shi ruwa ba, sai dai yana tuna wa yallaɓai cewa daga ƙasa aka ce, kuma da agwagwa a ciki. Yana maganar yana ɗiga wa injinsa mai.

Ranar Talata ya yi sammako, ya tafi da katakon gugar matarsa ba tare da ya tambaye ta ba. Ya shimfiɗa shi a bakin ruwa ya kwanta rub da ciki, tumbinsa ya zubo ta gefe biyu. A wannan karon ya yi haƙuri har na rabin sa'a, duk da tururuwa da suka mai da ƙafar wandonsa hanya. Agwagi uku suka taho a jere, kusa ƙwarai, hasken safe yana kansu. Ya leƙa ta idon kyamara, ya ga biyu sun tsaya daidai, amma ta hagun ta sunkuyar da kai tana tsince-tsince. Ransa ya ɓaci. A shagonsa ba a taɓa fitar da hoton mutum da kai a sunkuye ba.

"Ke ta hagu, ɗaga haɓa," ya ce.

Suka tashi fir. Ya zabura zai bi su da kyamara, katakon guga ya zame a laka ya tafi da shi har gwiwa cikin ruwa. Ya dawo gida da wando a jiƙe, da matsattsaku biyu a ƙwauri, da katako mai warin kwaɗi.

Matarsa ta cire masa matsattsakun da gishiri. Sai da ta gama ta ce ita fa ba ta san hoto ba, amma ta san mijinta, kuma matsalar ba ta agwagi ba ce, ta bakinsa ce. Ya ce wane irin baki, shi da ya kwanta shiru kamar gawa. Ta ɗauko butar shayi ta dire a kan tebur.

"Malam, ɗauki hoton wannan ba tare da ka yi magana ba."

Ya yi tsaki, ya ce raini ne. Ya ɗaga kyamara, ya saita, ya ɗora yatsa a maɓalli. Yatsan ya ƙi sauka. Ya gyara tsayuwa, ya ƙara saitawa, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Ya juya hannun butar ya ce ta karkace ne. Ya sake ɗagawa, leɓensa yana rawa a ƙarƙashin gashi, can sai ga shi ya ce wa buta, a hankali dai amma sarai, "Kalli nan." Kyamara ta yi ƙara.

Yanzu ne tsoro ya kama shi na gaske. Shekara talatin da ɗaya yatsan da bakin suna aiki tare, ashe ɗaya ba ya motsi sai ɗayan ya ba shi izini. Matarsa ta ba shi shawara ya je ya samu ƙaninta ya ce wasa yake yi, ita za ta sa baki, a bar maganar. Ya ce shi ya je ya roƙi mai aski? Gara ya kwana a tafkin.

Ranar Laraba ya zo da dabarar filasta. Ya manne bakinsa da ita tun daga kunne har kunne, ya tsaya gaban buta yana gurnani ta hanci, yatsa ko gezau. Wajen cirewa aka yi ta. Filastar ta kama gashin baki ta ƙi saki, matarsa tana jiƙawa da ruwan ɗumi, shi yana hawaye, kuma da aka rabu an bar gashi goma sha huɗu a jikinta, don sai da ya ƙirga. Da ya fito layi gefen dama ya fi na hagu sirara, mai aski ya leƙo ya ce ashe yallaɓai ya fara rage masa aiki.

Kwana biyun da suka rage bai buɗe shago ba, yana tsakar gida yana haɗa abin da ya kira babbar dabara. Ya karɓo tsohon tiyub na babbar mota wurin mai faci. Mai faci ya ce akwai huji ɗaya, ya bari ya like masa. Kalli-Nan ya ce wanda ya iya manna hoto a kati ba zai kasa manna roba ba, ya like da gam ɗin shago. Ya ɗauki bahon wankin matarsa, a nan kyamara za ta zauna tana iyo daidai fuskar ruwa. Ya ɗinka ciyawa a tsohuwar hular kwano don agwagi su zaci tsibiri ne. Maganin baki kuwa, ya yanko guntun tiyon ban ruwa zai ciza, ya ce in haƙora na da aiki harshe ba zai samu hanya ba. Ya gwada a kan buta sau biyu bai yi nasara ba, amma ya ce buta daban, agwagwa daban.

Asabar da safe ya isa bakin tafki ya tarar an riga shi. Mutanen benci bakwai sun zo, kowa ya gayyato wani. Mai aski ya zo da kujerarsa ta roba da ƙyalle da inji mai batir, ya kafa su ƙarƙashin bishiya, ya zauna ya harɗe ƙafa. Kalli-Nan ya yi kamar bai gan su ba. Ya ɗaura igiya a tiyub ya miƙa wa matarsa ɗaya bakin, ya umarce ta ta zauna a kan dutsen nan na bakin ruwa, ta yi ƙasa da kai, kada ta motsa, kada ta yi magana. Ta dube shi kawai, ta je ta zauna.

Ya kwanta a kan tiyub, hular ciyawa a ka, tiyo a baki, baho a gaba, ya tura kansa cikin ruwa da ƙafa. Mutane suka danne dariya da ƙyar, mai gyaran agogo har da cusa hula a baki.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Bayan kamar minti ashirin agwagin suka daina tsarguwa, suka fara kewaye shi. Wata ta tsinci ciyawar hularsa. Wata ma, da ta ga wuri mai tudu, ta yi tsalle ta hau kan hular ta zauna tana gyara fiffike. Kalli-Nan bai motsa ba, ko da yake yana jin sanyi na hawa cikinsa, yana kuma jin wani ɗan siririn fito daga ƙarƙashin tiyub inda ya sa gam.

Sai ga babban namijin ya taho, mai sheƙin wuya, ya tsaya daidai gaban baho, taku biyu ba su cika ba. Ya juyo ya fuskanci kyamara, kai a ɗage, wuya a miƙe, ruwan ya kwanta lum, inuwarsa tana ƙasa. Kalli-Nan ya leƙa ta idon kyamara. A duk rayuwarsa bai taɓa ganin wanda ya tsaya wa hoto daidai haka ba, ko cikin mutane. Kalandar mai aski ba ta kama ƙafar wannan ba. Abin da ya rage kawai yatsa ya sauka.

Yatsa ya ƙi. Ya matsa, ya roƙe shi a zuci, ya ciji tiyo har haƙoransa suka nutse a roba. Tiyub yana ta lotsawa, ruwa ya kai masa haƙarƙari. Namijin agwagwa yana tsaye yana jira kamar wanda ya biya kuɗin hoto. Daga bakin ruwa matarsa ta ga kumatunsa suna kumbura, ta san abin da ke tafe, ta runtse ido.

Ya tofar da tiyo.

"Kalli nan! Ɗaya, bi..."

Tafkin ya tarwatse. Ta kan hular ta taka fuskarsa ta tashi, namijin ya watsa wa kyamara ruwa da fiffike, tiyub ya nannaɗe ya kife da shi. Ya ɗaga kyamara sama da hannu ɗaya yana dannawa ba ji ba gani, yana ihun a cece shi zai nutse, baho kuma ya kama hanyar tsakiyar tafki shi kaɗai. Matarsa ta ja igiya, tiyub ya taho babu kowa a kai. Mai faci ne ya daure ya tsayar da dariya ya ce masa ya gwada miƙewa tsaye. Ya miƙe. Ruwan iyakarsa cinya.

Aka taru ƙarƙashin bishiya ana duba abin da kyamara ta kama. Sama, sama, sama, gajimare, hancin Kalli-Nan daga ƙasa, sai tafin ƙafar agwagwa guda ɗaya a kusurwa. Ya ce a duba da kyau, wannan ƙafar daga ƙasa aka ɗauke ta, kuma sharaɗi bai ce dukan agwagwa ba. Shaidu bakwai suka ce ya ce ido da ido. Mai aski ya kaɗe ƙyalle.

Nan matarsa ta matso, ta miƙa wa ƙaninta wayarta. Ashe tana zaune a dutsen nan, kai a ƙasa, baki a rufe kamar yadda aka umarce ta, ta sauke wayar har tana taɓa ruwa ta danna sau ɗaya. Hoton ya fito ras: namijin agwagwa a gaba da inuwarsa, sauran a kewaye, a tsakiya kuma ga tarin ciyawa da agwagwa zaune a kai, a ƙarƙashin ciyawar ga idanu biyu a zazzare da gashin baki yana iyo a kan ruwa. Waya ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, babu wanda ya riƙe ta bai durƙusa ba.

Ta ce da ƙaninta hoton daga gidan Kalli-Nan ya fito, kuma ya cika sharaɗi, ya bar mata mijinta yadda ta same shi. Mai aski ya sosa ƙeya, don yana jin nauyin yayarsa. Ya ce ya yarda, in dai yallaɓai zai faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa hoton Yaya ya fi kalanda, a kuma rataye shi a shago, to gashin baki ya tsira.

Kowa ya zuba wa Kalli-Nan ido. Ya karɓi wayar yana ɗigar ruwa, ya daɗe yana kallo, kuma a ransa ya san hoton ya fi kalandar nesa ba kusa ba. Hannunsa ya kai ga gashin bakin ya shafa. Kalma huɗu ko biyar ce za ta cece shi, shi da bai taɓa rasa abin faɗa ba.

"Hoton waya ba hoto ba ne," ya ce. "Ba a ma gaya musu su shirya ba."

Ya je da ƙafarsa ya zauna a kujerar roba, ya ɗaga haɓa ba tare da an ce ya ɗaga ba. Minti ɗaya bai cika ba aka gama da aikin shekara talatin. Gashin ya zubo a kan ƙyalle, iska ta kwashi wani ta kai ruwa, inda wata agwagwa ta dawo ta tsinta ta tofar. Ya kai hannu ya rufe bakinsa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa ta zo ta janye hannun a hankali, ta ƙare masa kallo, ta ce ashe har da 'yar tawadar Allah a wurin, ita duk shekarun nan ba a gaya mata ba. Ta ce bai yi muni ba. Shi dai bai yarda ba, amma ya ji daɗi.

Hoton kuwa, tun kafin a gama askin mai faci ya riga ya tura wa kansa, daga nan ya bazu layin gaba ɗaya. Da mai aski ya so a wanke masa babba don bango, shago ɗaya ne a unguwar ke da injin wanke hoto. Kalli-Nan ya wanke shi da hannunsa, ya buga hatimin shagonsa a baya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya jera agwagin, shi ya zaɓi dutsen, danna maɓalli ai kowa ma ya iya.

Sai maganar allon shago, wanda yanzu yake ɗauke da fuskar wani mutum da babu shi. Mai zane ya ce a kawo sabon hoto. A karon farko tun da ya buɗe shagon, Kalli-Nan ya zauna a kujerar masu zuwa hoto, farin labule a bayansa, ya miƙa wa matarsa kyamara yana ta yi mata bayanin inda ake dannawa. Ta ja da baya taku uku, ta ɗaga, ta yi shiru. Ya jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ya gyara wuyan riga, ya ƙara jira, leɓen nan da ba shi da mafaka ya fara rawa a fili. Da abin ya ishe shi sai ya buɗe baki ya faɗa wa kansa da kansa, ita kuma ta danna.

Shi ya sa duk wanda ya bi ta layin yau zai ga allon mai hoto da fuska fayau, 'yar tawadar Allah a leɓe, baki a wangame.